Sanya Takunkumin Fuska a Asibiti



Asibiti wurin neman lafiya ne, amma kuma nan ne marasa lafiya iri iri suke haɗuwa a benci ɗaya suna jiran likita. Idan mai ciwon ƙirji ya yi tari ko atishawa, ɗige-ɗigen yawu da majina masu ɗauke da ƙwayoyin cuta sukan fita daga bakinsa da hancinsa. Manyan sukan faɗi nan kusa, ƙananan kuwa su daɗe suna yawo cikin iska, musamman inda tagogi suke rufe. Ta haka tarin fuka da ƙyanda da mura suke yaɗuwa. Haka nan cutar korona, wadda ta ɓulla a Legas a 2020, da cutar mashaƙo da ta addabi Kano a 2023. Jarirai da tsofaffi da mata masu ciki su ne suka fi shiga haɗari.

Saboda haka lalle ne duk mai tari ya sanya takunkumi tun daga ƙofar asibiti, ya rufe hanci da baki har zuwa haɓa. Rataye shi a wuya aikin banza ne. In ya jiƙe a sake wani, a wanke hannu da sabulu. Ma'aikacin da yake jinyar mai tarin fuka kuwa, takunkumi irin N95 ne ya dace da shi, domin ya fi tace iska.

Takunkumi ba abin kunya ba ne, kiyaye haƙƙin maƙwabci ne. Rigakafi ya fi magani.