Jawabin da na gabatar a walimar rufe zangon karatu ta yaranmu a Madina

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon da muke maƙwabtaka da shi. Shugaba, malamanmu, iyayenmu mata da ke sauraro daga wancan ɓangaren, ɗalibanmu na Jami'ar Musulunci, da ku yara masu wannan rana, sannunku da zuwa.

An ce in yi magana minti goma kafin a buɗe tukwane. Zan yi ƙoƙari, don ƙanshin miyar kukan nan ya riga ya raba hankalin mutane.

Yaran nan sun gama jarrabawar zango na farko, wasunsu sun ƙara izu a haddarsu, Allah ya sa albarka. To amma 'yan uwansu na Zariya sun riga sun yi nasu hutun sun gama. Can tun a Disamba ake rufe makarantu, hutun da muka taso muna kira hutun Kirsimeti. Na tuna muna yara, ranar rufe makaranta a raba sakamako, a kira na ɗaya zuwa na uku a tafa musu, sai kowa ya ruga gida. Abokanmu na Sabon Gari su cika motoci su tafi garuruwansu, na Wusasa kuma, waɗanda Hausawa ne irinmu, su aiko da shinkafa da kaza kamar yadda muke aika musu da naman layya. Mu kuwa a tura mu gidan kaka. A can muka san wane ne ɗan baffa, wace ce 'yar goggo, a can muka koyi durƙusawa da jera gaisuwa har sai babba ya ce ya isa.

Yaranmu na nan ba su da wannan, kuma ba laifinsu ba ne. Ku duba lissafin. Babban hutun Saudiyya yana farawa wajen ƙarshen Yuni, ya ƙare a ƙarshen Agusta. A gida kuwa sai ƙarshen Yuli ake rufe zango na uku. Wato watan Agusta kaɗai ne namu da nasu suke hutu tare. Wanda ya kai iyalinsa a Yuli don tikiti ya fi sauƙi, yaransa za su wuni a tsakar gida da waya a hannu, sa'o'insu suna aji.

Sannan ga kuɗi. Tun Yulin 2017 aka sa wa baƙi haraji a kan kowane mutum da ke ƙarƙashin iƙamarsu, aka fara da riyal 100 a wata, ya zuwa 2020 ya kai 400. Mai mata da 'ya'ya huɗu, riyal 2,000 ke nan duk wata, kafin haya, kafin abinci. Wasu a cikinmu sun mayar da iyali gida, waɗanda suka riƙe nasu kuma suka daina zuwa hutu. Ban zargi kowa ba, ni ma sai da na yi shekara biyar ban kai nawa ba.

Da na kai su, ga abin da ya faru. Mahaifiyata ta ce wa babban ɗana, "Maigidana, an zo lafiya?" Yaro ya tsaya ƙiƙam, ya miƙa mata hannu, ya amsa da Larabci. Ta dube ni ta ce, "Wannan balaraben fa, na wane gida ne?" Aka yi dariya, ni ma na yi. Amma wata guda muka yi, duk abin da za ta faɗa masa sai an nemo ni. Tatsuniya ɗaya ba ta shiga tsakaninsu ba. Ta rasu kafin mu sake komawa, Allah ya jiƙanta.

Na san wani zai ce ai Larabci harshen Alƙur'ani ne, me muka rasa? Wallahi ni ma ina alfahari da Larabcinsu. Sai dai ku dubi waɗanda suka riga mu. Tun bayan faɗuwar Burmi a 1903 Hausawa da Fulani suke ta kwararowa gabas a ƙafa, wasu suka tsaya Sudan, wasu suka iso Makka da Madina. Jikokinsu ne masu sunan Hausawi da Fallata a yau. A cikinsu aka sami Shaihu Umar Fallata da ya karantar a Masallacin Annabi, aka sami Usama Hausawi da ya jagoranci 'yan ƙwallon Saudiyya a gasar duniya ta 2018. Har tsirenmu ya zauna a Hijaz, suna kiransa siriya. Amma da yawa daga matasansu in ka yi musu Hausa sai murmushi. Su dai suna da takardar zama ɗan ƙasa. Namu kuwa fasfon Nijeriya suke riƙe da shi, ranar da iƙama ta ƙare, Zariya za su koma.

Saboda haka abu biyu nake roƙo. Na farko, a taron nan da muke yi duk ƙarshen zango, daga ƙofa zuwa tashi, Hausa zalla. Yaron da ya yi karatu mai kyau a ba shi kyautarsa, wanda ya gaida dattijo daidai, ko ya kawo tatsuniya har "ƙurunƙus", shi ma a ba shi. Iyayenmu mata, wannan aikinku ne fiye da namu.

Na biyu ya shafi 'yan uwa na gida da za su karanta wannan a mujallarmu. Don Allah, in za a sa ranar biki ko taron dangi, a riƙa tunawa da Agusta. Mu kuma nan mu kafa adashin tikiti, ko gida biyu ne su je a shekara. Ma'aji yana bakin ƙofa da littafi, na riga na rubuta sunana.

Na wuce minti goma, a gafarce ni. Yara su fara ɗiba. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.