Idan Ɗaya Gwiwar Ta Ɗauki Ciwo

Ga ƙorafin da ake yawan ji daga waɗanda aka yi wa aikin sauya gwiwa: wadda aka gyara ta lafa, sai ɗayar ta ɗauki ciwo. Makonni ita ke ɗauke da nauyin jiki, kuma sau da yawa amosanin gaɓɓai ya riga ya cinye ta, zafin 'yar'uwarta ne ya danne nata. Ga shi an miƙar da ƙafar da ta lanƙwashe, taku ya canza.

A riƙa motsa cinyoyin biyu, kada a bar ɗaya. Rage kilo 1 na ƙiba yana sauke wa gwiwa kusan kilo 4 a kowane taku. A naɗe ƙanƙara cikin tawul a ɗora na minti 15. Salla a kan kujera kuwa ba abin kunya ba ce.

Abin da ya fi damuna shi ne diclofenac da ake saya a kemis a sha yadda aka ga dama. Haɗa shi da maganin tsinka jini na iya jawo zubar jini a ciki. Idan kuma sha-raɓa ta kumbura ta yi zafi, a tafi asibiti a ranar, domin yana iya zama gudan jini.