Sakkwato ta fi Dakar kusa

 Mai gari, malamaina, iyayenmu mata, da ku ɗalibai da kuka cika bayan zaure, na gode da wannan gayyata. Ƴan'uwana Zabarmawa da Fulani, ku yi mini haƙuri, da Hausa zan yi magana, kuma za ku ga dalili kafin in zauna.

Kowa a nan unguwar Kirkisoye ya san ɗalibi, ko dai ya ba shi hayar ɗaki ko ya sayar masa da shinkafa da wake. Amma ba kowa ya lura ba cewa wannan tsallaken kogi, Harobanda, makarantar ƙasashe da yawa ce. Jami'armu ta fara a 1971, aka sa mata sunan Abdu Mumuni a 1992. Kusa da ita ga cibiyar AGRHYMET, wadda tun 1974, bayan babban fari, take koyar da ƴaƴan ƙasashen Sahel ilimin ruwa da yanayi da noma. In ka miƙa kudu ka isa Sayi, ga Jami'ar Musulunci da aka buɗe a 1986, inda ɗalibai daga Najeriya da Mali da sauran ƙasashe suke zama aji ɗaya. A nan Yamai kuma, a 1968, shugabannin ƙasashe suka kafa CAMES, hukumar da ke zaune a Wagadugu, wadda take tantance takardun jami'a da ƙarin girman malamai.

Albarkacin CAMES ne takardar da aka samu a Yamai take da daraja a Dakar da Abijan da Libreville ba tare da dogon bayani ba. Wannan babban aiki ne, kuma ni kaina na ci gajiyarsa. Sai dai ku duba ƙasashen da ta haɗa: kusan duk masu aiki da Faransanci ne. Najeriya ba ta ciki. Daga Ƙwanni zuwa Sakkwato, ko daga Maraɗi zuwa Katsina, tafiyar hantsi ce, amma a kan takarda sun fi Dakar nisa.

Na taɓa samun ɗaliba mai ƙwazo ƙwarai da ta so yin digiri na biyu a wata jami'a can ƙetaren iyaka. Lisans ɗinmu shekara uku ne, digirinsu na farko huɗu. Ta kai takardunta wurin mai fassara, ta biya, ta buga hatimi a ofis bayan ofis, aka ce ta dawo. Kafin a gama, lokacin ɗaukar ɗalibai ya wuce. Malamin da zai duba aikinta kuwa, da Hausa suke gaisawa, har ya gano kakarta ƴar garinsu ce. Har yau abin yana yi mini ciwo.

Kakanninmu ba su san wannan shinge ba. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a Maratta aka haife shi, cikin Nijar ta yau, ya bi malaminsa Jibrilu ɗan Umaru har Agadas, kuma yau jami'ar Sakkwato sunansa take ɗauke da shi. Littattafan hannu da Bubu Hama ya tara, waɗanda ke ajiye a cibiyar IRSH, ƴan'uwansu suna Gidan Arewa a Kaduna. Mai binciken tarihin Gobir ko Katsina da ya tsaya gefe ɗaya ya karanta rabin littafi ne kawai. An kuma taɓa gwadawa: a 1980 masana daga ƙasashen biyu sun zauna nan Yamai don daidaita rubutun Hausa. Abin da aikin ya rasa shi ne ɗorewa.

Ga kuma kogi, wanda ba sai na ba ku labarinsa ba. A damanar 2020 jan ruwan da kogunan Sirba da Dargol da Goruwal suke kawowa daga wajen Burkina ya fasa madatsa, ya ci gonakin shinkafa, ya shiga ɗakunanku, mutane suka kwana a makarantu. Ruwan nan da ya bar mu, Gaya ya nufa, daga can sai Kebbi, sai madatsar Kainji. Ɗalibin Yamai yana auna shi a nan, ɗalibin Sakkwato yana auna shi a can, kowa yana rubuta kundinsa cikin harshen da ɗayan ba ya karantawa.

Na san siyasa ta yi tsami. An rufe iyaka a 2023, an buɗe a 2024, mun kuma fita daga ƙungiyar CEDEAO. Amma Hukumar Haɗin Gwiwar Nijar da Najeriya tana nan tun 1971, kuma ofishinta yana cikin garin nan. Ita nake roƙo ta zaunar da shugabannin jami'o'i su yarda a kan darajar takardun juna, fanni bayan fanni, a wuce wurin. Mu malamai kuma ba sai mun jira kowa ba: a sa malami ɗaya daga can cikin alƙalan kundin ɗalibinmu, mu ma a kira mu, kowane kundi kuma ya ɗauki taƙaitawa ta shafi biyu da Hausa. Tun da dokar 2025 ta ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa, wannan ba abu ne mai wuya ba.

Ni dai bana ɗalibaina biyu suna aiki a kan ambaliya, kuma na riga na rubuta wa wani abokin aiki a Sakkwato. In ya amsa, a ɗakin ɗayanku za mu sauke shi, nan bakin madatsa, ya ga inda ruwan ya tsaya a jikin bango.