Sarauniyar Lugu: Abin da Littafi Ya Faɗa da Abin da Ya Faru

Kai makiyayi da ke mashekari da rediyo a rataye, ke 'yar kasuwa da ke jiran mota tsakanin Illela da Ƙonni, ku matso kusa. Yau hirarmu kan wata mace ce da kowa ya san sunanta, amma kaɗan ne suka san inda tarihinta ya tsaya, inda kuma alƙalamin marubuci ya ɗauka. Sarauniya Mangu nake nufi, ta garin Lugu a ƙasar Arewa, wajen Dogon Dutsi.

Mu fara da abin da ya tabbata. A farkon shekarar 1899 wata rundunar Faransa ta ƙetaro kogin Kwara ta nufi gabas, da niyyar kaiwa tafkin Chadi. Hafsoshi biyu ke jagorantarta, Voulet da Chanoine. Rundunar ba ta ɗauko guzurin da zai ishe ta ba, saboda haka duk garin da ta faɗa sai ta kwashe hatsi, ta kore shanu, ta kama maza su yi dako, ta kama mata, ta cinna wa garin wuta. Kai da ka san darajar saniya guda, ka ƙiyasta garke sukutum ya tafi a wuni ɗaya.

Garuruwa da dama sun watse tun kafin rundunar ta iso. Mutanen Lugu kuwa suka tsaya. Ranar 16 ga Afrilu 1899 aka gwabza: baka da kibiya a gefe guda, bindiga a ɗaya gefen. Sojan rundunar 4 suka mutu, 6 suka ji rauni. Da wuta ta yi yawa, Sarauniya da jama'arta suka janye cikin kurmi, rundunar ta ƙone garin ta wuce, ba ta kama ta ba. A watan Mayu ta yi wa Birnin Ƙonni kisan da har yau ba a manta ba. A watan Yuli, can wajen Tasawa, Voulet ya sa aka harbe Kanar Klobb wanda Faransa ta aiko ya tsayar da su, kwanaki kaɗan bayan haka sojojinsu suka kashe shi da Chanoine.

To ina littafi ya shigo? A 1980 Abdoulaye Mamani, ɗan Nijar kuma tsohon ɗan gwagwarmayar Sawaba, ya fitar da littafin ƙagaggen labari da Faransanci mai suna Sarraounia. A 1986 Med Hondo, ɗan Muritaniya, ya mai da shi fim, fim ɗin ya ci babbar kyautar bikin FESPACO a Wagadugu a 1987. A cikinsu za ka ga yarinya da aka rena da koyon harbi da sanin magani, ta girma ta shiga fagen daga da kanta, tana yi wa mayaƙa jawabi. Waɗannan jawabai da wannan ƙuruciya aikin marubuci ne. Ba ƙarya ya yi mana ba, haka irin wannan rubutu yake: a ɗauki ƙashin tarihi a sa masa tsoka.

A Lugu kuwa, Sarauniya sarauta ce ta mata da ake gada, mai riƙe da al'adun Azna, kuma ba Mangu ce ta farko ko ta ƙarshe ba. Ƙarfinta ba a damtse yake ba, a magana yake: idan ta ce a tsaya, a tsaya. Ni dai a ganina wannan bai rage mata komai ba. Mace ta ji labarin garuruwan da aka ƙone, ta san wane ne ke tafe, ta ƙi miƙa wuya, sannan ta san lokacin da za a janye don jama'a su tsira. Wannan ma jarumta ce, ko da ba takobi a hannu.

Ga abin da ya sa na kawo maganar. Mamani ya ceto suna guda. Sauran fa? Matan da suka goya yara suka shige daji cikin dare, da waɗanda suka dawo suka sake kafa gida bisa toka, ba wanda ya rubuta su. Yau ma a wannan iyaka tamu, idan 'yan bindiga suka faɗa ruga ko ƙauye, ku kun fi ni sanin wa ke kwashe yara, wa ke ciyar da gida bayan an kore dabbobi.

Saboda haka ga roƙona. Idan akwai tsohuwa a gidanku, ku zauna da ita bayan sallar isha, ku tambaye ta abin da kakarta ta ba ta labari na zuwan Nasara. Ku riƙe sunan garin da sunan matar. Mai waya ya naɗi muryarta, ranar kasuwa a kawo mana tasha, mu sa kowa ya ji. Tsohuwa in ta tafi, da labarinta take tafiya.

Allah Ya tsare mana dukiya da iyali, Ya kai kowa gida lafiya. Sai mako mai zuwa, in muna da rai.