Haƙƙin Mallakar Fasaha: Abin da Ya Kamata Masu Ƙirƙira Su Sani



Garinmu bai rasa maƙera da masu walda da ɗalibai masu basira ba. Mun ga yadda marigayi Muhammad Bah Abba ya sami lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000, saboda dabarar sanyaya kayan lambu ta tukunya cikin tukunya. Abin da ke damunmu shi ne, sau da yawa matashi kan ƙera injin casar gyaɗa, kafin damina ta zagayo wani ya kwaikwaya ya cika kasuwa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi!

Dokar Nijeriya ta 1970 ta tanadi kariya ga abin da aka ƙirƙira, muddin sabo ne, akwai basira a cikinsa, kuma masana'antu za su iya amfani da shi. Takardar haƙƙin ƙirƙira tana aiki shekara 20 daga ranar shigar da buƙata, in dai ana biyan kuɗin sabuntawa kowace shekara. Siffar kaya kuwa ana yi mata rajistar shekara 5, a sabunta sau biyu. Tambarin kasuwanci shekara 7 ne da farko, sannan a riƙa sabuntawa duk shekara 14. Ofishin rajistar yana Abuja, kuma hukumar NOTAP tana taimaka wa masu ƙirƙira wajen shigar da takardu.

Jan hankalinmu na farko: kada a baje abu a kasuwa ko a Facebook kafin a shigar da buƙata, domin da zarar ya bayyana ga jama'a ya daina zama sabo a idon doka. Haka kuma, wanda ya riga kai takarda shi doka ta fara sani. Na biyu, rajistar Nijeriya ba ta tsallake iyaka. Mai son kai kayansa Maraɗi ko Garwa sai ya nemi ta ƙungiyar OAPI da ke Yawunde cikin wata 12 da shigar da ta gida. Na uku, wani abin ɓoye shi ya fi alheri, kamar haɗin yajin kilishi, tunda rajistar ƙirƙira tana buƙatar a bayyana sirrin.

Don haka muna roƙon ƙungiya ta kafa kwamiti na lauyoyi da injiniyoyinmu, wanda matashi zai tuntuɓa kafin ya fito da abinsa. Rigakafi ya fi magani.