Garin Neman Gira Kada A Rasa Ido

 

Maganarmu ta yau a kan wani yayi ne da 'ya'yanmu ke gani a waya, wato tiyatar ɗage leɓe. Yadda ake yinta shi ne, likita zai yanke 'yar fatar da ke ƙarƙashin hanci, ya jawo leɓen sama ya ɗinke, wai don leɓen ya ƙara fitowa. To jama'a, mu 'yan kasuwa mun san kayan da ake mayarwa da wanda ba a mayarwa. Fatar da aka yanke ba ta dawowa.

Ga abin da ka iya biyo baya. Tabo a tsakiyar fuska, kuma mu baƙar fata tabonmu kan kumbura ya yi tudu fiye da na Turawa. Leɓe na iya karkacewa, ko ya mace a daina jin taɓi, ko baki ya ƙi rufuwa sosai. Miki na iya ruɓewa. Haka kuma samarin da ke zuwa a tsattsaga musu leɓe don ya yi ja, su sani allurar da ba a tsabtace ba tana ɗaukar ciwon hanta da ƙanjamau.

Kada wani ya ce kuɗi na maganin haɗari. Stella Obasanjo, matar shugaban ƙasa na wancan lokaci, ta rasu a ƙasar Sifen a watan Oktoba na 2005 bayan tiyatar rage kitse, har kotu ta kama likitan da laifi a 2009. Ina ga namu da za a yi wa a bayan shago?

Amma fa mu bambanta kwalliya da gyaran lahani. Malamanmu sun karantar da mu cewa Sahabi Arfaja da aka yanke wa hanci a yaƙi, Manzon Allah (SAW) ya umarce shi ya sa na zinare. Saboda haka yaron da aka haifa da tsagaggen leɓe, ko wanda cutar noma ta ci wa fuska, kada a ɓoye shi a ɗaki. A kai shi asibitin koyarwa na Shika a Zariya, ko asibitin noma na Sakkwato da aka buɗe a 1999.

Wanda kuma ya nace sai ya yi, to ya tambaya: likitan yana da rajista? Wannan ne fanninsa? In abu ya ɓaci, wa zai gyara, da kuɗin wa? Ko akuya ba ma saye sai mun duba haƙoranta, balle fuskar 'yarmu.

Iyaye, mu zauna da 'ya'yanmu mu yi musu bayani da lalama. Allah Ya tsare mana zuriya.