Fallen Ƙarfe a Harabar Makaranta

'Yan'uwa malaman Ƙaraye da Rogo,

Idan aka sayo fallayen ƙarfe daga Ƙofar Ruwa domin ƙera ƙofofin azuzuwa, a harabarmu ake sauke su, inda yara ke wasa. Falle guda mai ƙafa 8 da 4, kaurin milimita 6, ya kai kilo 140, kusan buhun siminti uku. In aka jingine shi da bango ya zame, yaro ba ya iya tare shi.

Saboda haka mu tsaya wa 'yan kwangila: a ɗaure shi da sarƙa a mota, kada ɗalibi ya sa hannu wajen saukewa, a kwantar da shi bisa katako nesa da aji. Amana iyaye suka ba mu. Allah ya tsare.